Takunkumin Maraƙi a Bakin Karya

Shekarar da na fara girki a kambo ban kai talatin ba, kuma a ganina babu abin da ya rage wani ya koya mini a duniyar nan. Kambo shi ne zangon 'yan ƙwadago a tsakiyar mashru, wato irin manyan gonakin nan da tarakta ke nomewa. Namu yana kudu da Gadarif, in ka kama hanyar Gallabat ka ratse, tafiyar rabin yini a lori in ƙasa ta bushe. In kuwa ruwa ya sauka a kan baƙar lakar nan, to lori sai dai ka yi masa sallama sai wani makon. Bukkoki huɗu ne, da rumfar ciyawa da muke ce wa rakuba inda nake hura wuta, da gangunan ruwa shida, da itacen aduwa guda ɗaya tal. Sauran duk riɗi ne da dawa har inda ido ya ƙare.

Aikina tuwon dawa sau biyu a yini, da miyar busasshiyar kuɓewa, da kajik, busasshen kifin nan da warinsa ke riga shi yin sallama. Da asuba shayi. Usta suke kirana, kamar yadda ake kiran duk mai sana'ar hannu a can, kuma sunan yana yi mini daɗi fiye da yadda ya kamata.

Ina da karya. A tashar lori ta Gadarif na tsince ta tana 'yar kwikwiya, ja mai farin ƙirji, ta maƙale a ƙarƙashin bencin wata mai sayar da shayi. Ba tausayi ne ya sa na ɗauke ta ba, kada in yi wa kaina ado. Da rana kowa yana gona, ni kaɗai ne a kambo da buhunan gari da jarkokin mai, ina bukatar mai yi mini haushi. Ta kuwa yi. Raƙuman makiyaya masu wucewa ba su taɓa kai baki ga dawarmu ta kusa ba tana nan. Wata rana ta tsare bakin rakuba tana gurnani, ta ƙi bari in ɗaga buhun gari, sai da na sa sanda na ture shi na ga kububuwa a naɗe a ƙarƙashi. Ban taɓa sa mata suna ba. “Ke” nake ce mata, kuma ko daga ina ta ji sai ta zo.

Mu asalinmu makiyaya ne. Kakana ya shigo ƙasar nan da shanu a kan hanyarsa ta hajji, ya yada zango, zangon ya zama gida. Shanun suka ƙare a hannun mahaifina, muka koma riƙon lauje. Daga cikin abin da na gada a wurinsa har da wata magana da yake yawan yi: karen gadi ba a ƙosar da shi, in cikinsa ya cika ɓarawo zai tsallake shi yana minshari. Abin da ban tsaya na tuna ba shi ne karnukan mahaifina shanu suke bi. Akwai tsamin nono da ake zubar musu, akwai mahaifa in saniya ta haihu, akwai gafiya da zomo a daji. Ni na riƙe maganar, ba ni da nonon.

Don haka sau ɗaya nake ba ta, da yamma, ƙanzon da na kankaro daga gindin tukunya. Lokacin shuka da ciran ciyawa abin bai yi muni ba, mutum takwas ko goma ne a kambo, kullum ana rage wani abu. Amma da riɗi ya nuna sai lori ya fara sauke mana mutane, namu da na yamma da na kudu da Habashawa da suka ƙetaro ta Gallabat, har muka kai arba'in. Riɗi ba ya jira. In ya nuna ba a yanke shi cikin 'yan kwanaki ba, kwansonsa ya fashe ya zubar da ƙwayar a cikin tsagar ƙasa, shi ke nan an yi wa tururuwa noma. Mutum ya wuni a sunkuye cikin zafin darat, zafin nan na ƙarshen damina da ke dafa mutum a cikin rigarsa, ya dawo da yunwar da za ta iya cinye faranti. Ƙanzon ma sai suka riƙa jiƙa shi da ruwa da sukari suna sha. Abin da ke isa ga karyar bai fi abin da zan kankare da cokali ba. Na ga haƙarƙarinta sun fito. Na ce a raina, yauwa, yanzu gadi zai yi kyau.

Ba mu da masai a kambo. Ban taɓa ganin kambon da ke da shi ba a lokacin. Akwai wani ɗan kwari a bayan bukkoki, nan kowa ke zagayawa da butarsa, kuma da yake kowa sauri yake yi, babu mai yin nisa, babu mai rufewa. Wata safiya na je ɗebo kirare sai na hango jan bayanta a cikin kwarin, kanta a ƙasa. Na matsa na ga abin da take yi. Kashin mutane take ci.

Raina ya ɓaci iyakar ɓaci, amma in na faɗi gaskiya kunya ta fi ɓacin ran yawa. Ni mai girki ne. Hannuna ke shiga abincin mutum arba'in, kuma kowa ya san karyar tawa ce, a gefen murhuna take kwanciya. Na karyo karan dawa na zane ta har ya farfashe. Sannan na yanke mata hukuncin da a lokacin na ga ya yi daidai: bakin da ya ci wannan ba zai ci tuwona yau ba. Ta kwana da yunwa. Washegari tun kafin shayi ya tafasa tana cikin kwari. Na sake zane ta, na sake hana ta. Haka muka yi ta yi kwana huɗu ko biyar, ina mamakin taurin kanta, ita kuma Allah kaɗai ya san mamakin me take yi.

Mutane suka samu abin dariya. Wani dogo daga cikin masu yanka, wanda bakinsa bai taɓa hutawa ba, ya ce mini a gaban kowa, “Ya usta, wallahi girkinka tamam. Ka ga har bayan mun gama da shi ana rububinsa.” Aka kwashe da dariya har wani ya ƙware da shayi. Ni ma na yi yaƙe, amma da na samu hanya a ranar, da na zuba masa toka a miya.

Direban tarakta, wadda a can babur muke ce mata, shi ya kawo shawarar barkono. Ya ce a garinsu haka ake yi, a barbaɗa shatta, wato barkonon, a kan kashin, kare ya ɗanɗana sau ɗaya ba ya ƙarawa. Sai ga ni da tsakar rana, babban mutum da gemuna, na naɗe hanci da rawani, ina bin kwari da gwangwanin barkono ina barbaɗa wa kashin ƙartai kamar mai gyaran tsire. Ta zo ta shinshina, ta yi atishawa, ta wuce gaba zuwa wanda ban kai gare shi ba. Abin da na samu kawai shi ne mutane suka fara ƙorafin miya ta yi lami.

A makon nan zawo ya shiga kambo. Yau in ka tambaye ni zan ce maka ruwan hafir ne, tafkin da babur ke ɗebo mana, wanda raƙuma da shanu ke shiga har gwiwa, ga ƙudan da ke tashi daga kwari su sauka a kan abinci. Amma mutum biyar sun kwanta a tsakiyar yankan riɗi, kuma a ranar wani ya ga karyar tana lasar babban farantin da na jingine bayan an gama ci. Ba a ƙara neman wani mai laifi ba.

Wakili ya kira ni. Shi ne idon mai gona a kambo, mai gonar kuwa yana cikin Gadarif, sau biyu na taɓa ganinsa. Wakilin ba mugun mutum ba ne, riɗi ne kawai ke fashewa a kansa. Ya ce, “Ya usta, magana ɗaya ce, bas. Lori zai zo ran Juma'a. In kalbar nan, karyar taka, ba ta daina ba, a sa ta a buhu a jefar a hanya, ko in sa a harbe ta. Halas. Mutane sun ce ba za su ci daga hannunka ba.”

Na ce, “Ya wakil, ka ba ni zuwa Juma'ar.”

Ya ce, “Na ba ka. Kwana uku ne.”

Akwai wani tsoho a kambon, ɗan ƙabilarmu, da ke kiwon 'yan tumakin mai gona a gefen mashru. Baffa nake ce masa. Ya san mahaifina tun suna da shanu. Da la'asar ya shigo shan ruwa ya same ni ina huci ni kaɗai, na zayyana masa komai, har da barkonon, wanda ya sa shi dariya sai da ya share hawaye. Sannan ya tsuguna ya kira karyar. Ta zo tana rarrafe da ciki, don a kwanakin nan ta daina yarda da hannun mutum. Ya shafa haƙarƙarinta, ya matsa cikinta, ya ɗaga leɓenta da tsinke ya ce in duba. Dasashinta fari fat kamar na tunkiyar da ta kusa mutuwa.

Ya ce, “Ɗana, me kake ba ta?”

Na ce ƙanzo, in ya ragu. Na ƙara da maganar mahaifina, ina jiran ya yaba.

Ya ce, “Allah ya ji ƙan babanka, karensa ya fi ka shan nono. Wannan yunwa ce, ga kuma tsutsa a ciki, abin da ta ci ma ba ita ke amfana ba. Kwikwiyo yana cin kashi don wauta, uwa tana lashe na 'ya'yanta don ta share musu wuri, wannan halittarsu ce. Amma babban kare da bai saba ba ya fara rana tsaka, cikinsa za ka tambaya. Ka ba ta safe da yamma, ka sa mata kan kajik a ciki. In lori ya koma, ka aika a sayo maka maganin tsutsa wurin masu maganin dabbobi. In ka gan ta ta nufi kwari ka kira ta, in ta zo ka ba ta loma, kada ka doke ta, ai wanda ka kira ya zo ka doka gobe ba zai zo ba.” Ya miƙe yana kaɗe riga. “Sannan ka ɗauki magirbi ka tona rami, ka ɗora itace, ka gaya wa mutanen nan su riƙa zuba toka. Abin da babu shi a ƙasa ba za ta ci ba.”

Na ce, “Baffa, ni zan tara ƙartai arba'in in koya musu inda za su tsuguna? Wasu sun haife ni.”

Ya ce, “To ka bar jaki kana dukan taiki ke nan.” Ya ɗauki sandarsa ya bi tumakinsa.

Maganarsa ta shige ni, shi ya sa ma ta ba ni haushi. In na yarda da ita, to na yarda cewa ni ne na kai ta kwarin da hannuna, kuma duk dukan da na yi mata ni ya kamata ya sauka a kaina. Ga kuma dogon nan mai baki, ina jin irin abin da zai ce in ya gan ni ina tona wa mutane masai: usta ya buɗe reshe na biyu. Ga kwana uku kacal, na ce a raina abinci da magani ba za su nuna aikinsu kafin Juma'a ba. Ina son abin da wakili zai gani da idonsa.

Daga baya a rayuwata na riƙe karnuka uku, ɗaya bayan ɗaya, a 'yar gonata da na samu. Na ciyar da su safe da yamma, na ba su maganin tsutsa duk farkon damina, na tona rami a bayan gida na rufe. Ɗaya ya gwada halin yana ƙarami, na riƙa kiransa ina ba shi loma, cikin 'yan makonni ya manta. Duk abin da Baffa ya faɗa haka yake, ko harafi bai kauce ba. Ina faɗin wannan ne don kada wani ya ce ban san hanya ba. An nuna mini ita ranar Talata da la'asar, ina tsaye, da kunnuwana biyu.

Abin da na yi shi ne abin da hannuna ya iya tun ina yaro. A gidanmu in ana son maraƙi ya bar nonon uwarsa, takunkumi ake saƙa masa. Jaki ma in yana aiki a masussuka haka ake yi masa don kada ya ci hatsi. Yana wuni da shi, da yamma a kwance, babu abin da ke samunsa. Na warware igiyar buhu na zauna a rakuba ranar Laraba na saƙa takunkumi daidai bakinta. Na yi shi da kyau, har na ji daɗin ganin hannuna bai manta ba. Da na gwada mata ta sa ƙafa ta tuɓe shi, sai na ƙara matse shi, na zagaya igiyar ta bayan kunnuwanta, har ya zama ko tsinke ba zai shiga tsakanin haƙoranta ba. Ban san cewa kare da harshe yake shan iska ba. Shekara biyu ina ganinta tana zaro harshe tana haki a inuwa, ban taɓa tambayar kaina dalili ba. Na ɗauka shi ma wani halin karnuka ne marar kyan gani.

Ranar Alhamis masu yanka suna can ƙarshen mashru, nesa ƙwarai, wakili ya ce kada su ɓata lokacin dawowa, in kai musu abincin rana a bayan babur. Da hantsi na sa mata takunkumin, na ɗaure ta a gindin aduwa. Inuwa a lokacin tana nan luf. Har na ɗauko tsohuwar tasa na cika da ruwa na ajiye a gabanta, na ji a raina ni mai tausayi ne. Ruwa a gaban bakin da na ɗinke. Ta bi ni da ido har na hau, tana kaɗa wutsiya kaɗan-kaɗan, kamar mai tambaya ko wannan karon ta yi daidai.

Na yi niyyar dawowa kafin azahar. Da muka isa muka tarar riɗin wajen ya fara fashewa, ana jin ƙararsa tas-tas in iska ta kaɗa, ga mutum biyar babu. Wakili ya ce kowa ya sa hannu, har ni har direba. Na shiga ɗaurin dami. Rana ta take tsaka, zafi ya sauko kamar an kifa mana tukunya, gumi yana shiga mini ido. Sau ɗaya ta faɗo mini a rai, na ce ai tana inuwa, ga ruwa. Ban tuna cewa inuwa tafiya take yi ba, ni da kullum nake ja da tabarmata ina bin ta a gindin itacen nan.

Sai bayan la'asar babur ya sauke ni a kambo. Ba haushi. Tun daga nan na san ba lafiya, don ko da takunkumi za ta yi gurnani in ta ji ƙarar injin. Na ajiye tukwane na zagaya. Inuwar ta koma gabas ta bar ta a fili. Ta tona ƙasa iyakar tsawon igiya, zagaye guda, ta kifar da tasar, lakar wurin ta riga ta bushe ta tsage. Tana kwance a gefe ɗaya, cikinta yana ɗagawa da sauri-sauri. Kumfa ta bushe a kan igiyar, fatar hancinta ta sale inda ta yi ta gogawa a saiwa.

Na ciro wuƙar albasa na yanke takunkumin, garin sauri har na ɗan yanke ta a kunci. Bakinta ya buɗe, harshen ya zubo, ya yi wani irin duhu. Na ɗauko ta na kai rakuba, ba ta fi buhun da babu komai a ciki nauyi ba, sai a lokacin hannuna ya gaya mini abin da idona ya ƙi gani. Na kwarara mata ruwan ganga a jiki. Na ɗebo tuwon da ya rage, ba ƙanzo ba, tuwo sosai, na gutsura na sa kan kifi na ajiye a bakinta. Ina ta cewa, “Ke. Ke. Ci mana.” Ba ta ko shinshina ba.

Na tsuguna na tallafi kanta da hannun hagu, ina ɗiga mata ruwa da na dama. Ta buɗe ido ta gane ni. Wutsiyarta ta motsa sau ɗaya a kan ƙasa. Sannan ta yunƙura da ɗan ƙarfin da ya rage mata, ta miƙo harshen nan don ta lashi hannuna.

Na janye hannun. Ban yi shawara da zuciyata ba, hannun ne ya fizge kansa, saboda ya tuna inda bakin nan yake zuwa. Harshenta ya lashi iska, kanta ya koma ƙasa. Na mayar da hannun nan take, na kai shi har bakinta, na ce mata ga shi, ga shi. Na daɗe a tsugune a haka, da hannuna a miƙe, ina jira.